Kabad ɗina ya kumbura a cikin jirgi, ina neman shawarar kafintoci da 'yan ruwa

Mai Jirgin Yauri: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san a nan akwai kafintoci, akwai kuma 'yan ruwa, shi ya sa na kawo kukana. Bara na sayi ƙaramin jirgin katako, tsawonsa ƙafa 28, faɗinsa ƙafa 6 da ɗan ɗori, da injin Yamaha mai doki 40. Wanda ya sayar min ya riga ya yi masa ɗan ɗaki daga tsakiya zuwa baya, tsawon ɗakin bai wuce ƙafa 7 ba, kuma ba a miƙewa tsaye a ciki sai an sunkuya. Da shi nake zagaya ƙauyukan bakin ruwa daga Yauri zuwa wajen Wara, ina kai kayan tireda: sabulu, sukari, magi, taliya, batir ɗin tocila. Wani lokaci sai in kwana biyu ko uku a ruwa.

To, komai a ƙasa yake zube. Sai na kira wani kafinta na cikin gari ya yi min kabad. Ya zo ya auna, ya tafi shago, ya dawo da abu mai sheƙi kamar na ɗakin amarya. Da farko ma ƙin shiga ya yi, sai da aka datse masa ƙafa da baya. Ko wata uku bai yi ba gindinsa ya kumbura kamar burodi, ƙyauren ya ƙi rufuwa. Ranar da iska ta kama mu kuwa, aljihunan duka suka zubo, kwalin sukari guda ya faɗa ruwan gindin jirgi. Jiya na fasa shi na fitar. Ina ɗan taɓa aikin katako, yanzu so nake in yi da hannuna. Wane katako? Wace ƙusa? Kuma yaya ake awo a wurin da babu bango ko ɗaya miƙaƙƙe?

Kafinta Bakatsine: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Ba sai ka faɗa ba, MDF ya yi maka. Wannan garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, ko a ɗaki in matar gida ta cika goge ƙasa da ruwa sai ƙafarsa ta kumbura, balle a jirgi. Ga shi da nauyin tsiya: falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8, kaurin milimita 18, yana kai kilo 40. Shawarata ka nemi maɗaci busasshe mai inci ɗaya, ka yi komai da shi, ƙyaure da kanta da aljihu. Jikokinka ma sai sun gaje shi.

Baba Banufe: Jikana ne ke rubuta min, ni baki nake sawa. Jama'a ku ji Bakatsine, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na kududdufin bayan gari ba, yau shi ke koyar da aikin jirgi. Yaro, maɗaci na jikin jirgi ne, can ƙasa inda ruwa ke dukansa. In ka ɗauki maɗaci inci ɗaya ka gina kabad har sama a jirgi mai faɗin ƙafa 6, ai ka ɗauki fasinja biyu da ba sa biyan kuɗi, ba sa sauka, kuma a tsaye suke. Kowane ɗan ruwa ya san abin da ake ce wa wanda ya miƙe tsaye a kwale-kwale: zauna!

Kafinta Bakatsine: Baba, ran bawan Katsinawa ya daɗe. Na ji. Amma ku faɗa mana da me za a yi, tunda na ƙasa kun ƙi, na sama kun ƙi.

Baba Banufe: Zan faɗa, bari yaron ya dawo daga sallah.

Injiniya a Legas: Kafin Baba ya dawo bari in sa lissafi, don maganarsa gaskiya ce. Ni a wurin gyaran ƙananan jirage nake aiki. Maɗaci busasshe mita ɗaya ta kowane gefe yana haura kilo 700. Loko, wato iroko, kusan 650. Malaina ba ta kai 500 ba, obece kuma ƙasa da 400. Filawud, wato allon da aka yi da siraran ɓawon katako a manne da gam, mai milimita 9 falle guda kilo 13 zuwa 15 ne, mai 12 kuma wajen 18 zuwa 20. Abin da muke yi: firam siriri na katako mai ƙarfi, inci ɗaya da inci biyu, loko ko maɗaci, sannan a rufe shi da filawud mai 9. Inda za a zauna a kai kaɗai ake sa mai 12. Ƙarfin yana fitowa daga firam ɗin da yadda aka haɗa shi, ba daga kaurin allo ba.

Amma filawud ɗin sai na ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira marin. Na gaske ana buga masa hatimin BS 1088, galibi da itacen okume na ƙasar Gabon ake yinsa. Sai dai hatimi kowa na iya bugawa. Kafin ka biya kuɗin falle uku, karɓi guntu kamar tafin hannu, ka je gida ka dafa shi a tukunya awa biyu, ka shanya a rana, ka sake dafawa. In ɓawonsa ya fara rabuwa, na silin ne aka yi wa kwalliya. Ka kuma duba gefensa: in ka ga ramuka tsakanin layukan, nan ruwa zai kwanta.

Mai Jirgin Yauri: Dafa katako kuma? Maiɗakina za ta ce na zare.

Hajiya Mai Banda: Ka ba ta haƙuri ka sayo mata sabuwar tukunya, ya fi asarar kwalin sukari.

Ɗan Baga: Ni fa ban ga dalilin duk wannan wahala ba. A Tafkin Chadi mun yi shekaru muna kwana a ruwa, ba wanda ya taɓa kafa kabad. Ka sayi shuɗin durom na roba mai murfi da zobe guda biyu, da bokitan fenti masu murfi guda huɗu, ka ɗaure su da igiya. Ruwa ba ya shiga, ɓera ba ya ci, ba ya ruɓa, in jirgi ya kife ma durom ɗin yana iyo ka kama shi. Katako a cikin katako, me aka yi ke nan?

Mai Jirgin Yauri: Malam Ɗan Baga, na gwada. Matsalar durom ita ce abin da kake nema kullum yana can ƙasa. Mace ta zo bakin ruwa tana son magi na ɗari biyu, sai na kwashe rabin durom. Kuma durom zagayayye ne, cikin jirgi kuma a karkace, rabin wurin a banza yake tafiya.

Ɗan Baga: To wannan kuma shago kake so ba jirgi ba.

Mai Jirgin Yauri: Ai shagon ne, a kan ruwa.

Baba Banufe: Na dawo. Ku biyun duk kuna da gaskiya, ku haɗa. Ga yadda zan yi in nawa ne. Hagu da dama na ɗakin, benci biyu dogaye, tsayinsu kada ya wuce gwiwa. Kowane benci akwati ne, murfinsa a sama, a raba murfin gida uku don kada sai ka ta da mai barci kafin ka ɗauki abu. A cikin bencin ka jera bokitan Ɗan Baga, ka auna bokitin tukuna kafin ka yanka katako, akwatin ya bi bokiti, ba bokiti ya bi akwati ba. Duk mai nauyi, sukari, sabulu, gishiri, man gyaɗa, nan ƙasa, kuma kusa da tsakiyar jirgi. Hagu da dama su yi daidai. Sama da benci kuwa kanta siririya ɗaya kawai a kowane gefe, faɗin tafin hannu da rabi, ta kayan da ba su da nauyi: ashana, magi, taliya, tocila. Ka samu wurin kwana, ka samu wurin zama, ka samu shago. Kabad mai tsayi ka bar wa amare.

Mai Jirgin Yauri: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ya shige ni. Saura awon.

Baba Banufe: Awon tef ba ya aiki a nan, shi ne ya ka da kafintanka. Jikin jirgi yana lanƙwasa daga sama zuwa ƙasa, yana kuma lanƙwasa daga gaba zuwa baya, lokaci ɗaya. Kwali za ka nema, irin na firiji ko na talabijin. Ka tsayar da shi daidai inda allon zai tsaya, ka datse shi sama-sama har ya kusa jikin jirgi. Sai ka samu ɗan guntun katako kamar akwatin ashana, ka riƙe fensir a jikinsa, ka ja guntun yana bin jikin jirgi, fensir yana zana a kwali. Ka yanka a kan zanen, ka gwada, ka sake. Sau uku ko huɗu zai zauna. Sai kwalin ya zauna sannan zarto ya taɓa filawud. Kuma kada ka ce na hagu zai yi wa dama. Da hannu aka sassaƙa jirgin nan, da gizago, ba a taɓa yin wanda gefensa biyu suka zo ɗaya ba. Ni na yi shekara fiye da arba'in ina yi, ban yi ba.

Injiniya a Legas: Akwai wata dabara kusa da ta Baba, ta inda kwali ba ya shiga, kamar lungun da haƙarƙarin jirgi ya fito. Ka kafa ɗan allo ƙarami a tsakiyar wurin. Ka fiƙe sanda mai faɗi, ka yi mata tsini a kai da ɗan tsagi a jiki. Ka sa tsinin ya taɓa jikin jirgi, ka zana siffar sandar a kan allon. Ka matsa yatsa huɗu ka sake, har ka zagaye. Sai ka cire allon ka ɗora a kan filawud, ka mayar da sandar kan kowane zane, ka ɗiga alama a bakin tsinin. In ka haɗa ɗigon da siririn katako mai lanƙwasa, siffar jikin jirgin ce za ta fito.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: layin da za ka ce shi ne daidai, a ruwa za ka fitar da shi, ba a tudu ba. Jirgin da aka ja gaɓa ba haka yake zama a ruwa ba, musamman da inji a bayansa. Da sassafe ruwa na kwance, inji a ɗaure, tanki cike, ka sa tiyon magina mai ruwa a ciki ka yi alama a haƙarƙari huɗu. Daga nan duk awonka zai tashi.

Zangon Yeji: Salamu alaikum, daga Ghana nake bin ku. Ina so in ƙara abin da ba wanda ya taɓo, kuma a wurina shi ne babba. Mu a Tafkin Bolta, tun da aka datse ruwa a Akosombo a 1965 dazuzzuka suka nutse da itatuwansu a tsaye. Har yau kututture na nan ƙarƙashin ruwa, in ruwa ya ja baya sai ka ga kawunansu kamar mutane. Na san ku ma a Kainji haka ne tun 1968. Ranar da kututture ya huda maka jirgi, ko ɗinkin filanki ya buɗe, minti nawa kake da shi? In ramin yana bayan akwatin da ka kafe da ƙusa hamsin, kafin ka ɓalle shi ruwa ya kai maka gwiwa. Na taɓa gani da idona: mutum na jin ruwa na shigowa, yana ganin yana bulbulowa daga ƙarƙashin akwati, amma hannunsa ba ya kaiwa. Da gatari aka fasa, Allah ya sa gaɓa na kusa.

Saboda haka bencin nan kada ka yi masa baya, kada ka yi masa gindi na dindindin. Jikin jirgi shi ne bayansa. Gindin kuma 'yan filankai ne a jere da tazara, a ɗora su kawai, hannu ɗaya ya ɗage su. Ko'ina a jikin jirgi ya zama hannunka na kaiwa da tsumma da kwalta cikin ƙiftawar ido.

Baba Banufe: Wannan ɗan Yeji ɗan ruwa ne. Ka ƙara da cewa kada allo ya toshe hanyar ruwan gindi. Ruwan da ya shiga ta gaba dole ya gangaro inda ake kwarfewa. Kowane allon da ya sauka ƙasa a yanke masa kusurwa, rami kamar wuyan kwalba. Kuma allo kada ya manne da jikin jirgi, a bar tazarar yatsa ɗaya iska ta wuce. Ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako, kuma ba wanda ke cikin ruwa ke fara ruɓa ba, wanda ke lungu ne, jiƙe, ba iska.

Kafinta Bakatsine: To a jikin me za a kafa, in ba a taɓa jikin jirgi ba?

Baba Banufe: A haƙarƙari. Ka ɗaura guntun loko a gefen haƙarƙari, firam ɗinka ya kama wannan guntun. Filankin da ke tare ruwa kuwa ko allura kada ta shige shi. Duk ƙusar da ka buga masa ƙofa ka buɗe.

Injiniya a Legas: Kuma da sukuru, ba ƙusa ba. Jirgi yana motsi, yana murɗawa, inji na girgiza shi, ƙusa a hankali take zarewa. Sukurun sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ko na tagulla. Baƙin sukurun silin ko sati huɗu ba zai yi ba zai yi tsatsa, ya baƙanta katakon da ke kewaye da shi, ya cinye shi.

Baba Banufe: Nan kam ban bi ka ba, ɗana. Jiragen da ke ɗaukar buhu ɗari daga Jebba zuwa Lokoja da ƙusa aka ɗinke su. Sitenles ɗin nan naku a wace kasuwar ƙauye zai same shi? Ƙusa mai farin shafe, a huda mata hanya, a tsoma ta a kwalta, a buga, a lanƙwashe bakinta ta baya. Ta ishe shi.

Injiniya a Legas: Baba, ban musa muku a jikin jirgi ba. Amma ɗan Yeji ya ce abin ya zama mai ciruwa. Ƙusar da aka lanƙwashe bakinta ba ta fita sai an fasa. Sukuru takwas kuwa minti biyar ka kwance benci ka fitar, ka shafa wa jirgi kwalta, ka mayar.

Baba Banufe: To, a guntun da ke jikin haƙarƙari ƙusa, a bencin sukuru. Kowa ya samu.

Mai Jirgin Yauri: Yaya zan gane sitenles na gaske? An taɓa sayar min da hinji wai sitenles, damina ɗaya ya yi ja.

Makanikin Gaya: Ka tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu, na tsohuwar sifika ma ya isa. In ya cafke sukurun da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Mai kyau, lamba 304 ko 316, ko dai ba ya kamawa sam ko ya ɗan ja kaɗan. A ruwanmu na Kwara 304 ya wadatar, 316 na mutanen teku ne. In tagulla ka samu, ka huda rami tukuna ka goga wa sukurun kyandir, in ba haka ba kansa zai karye a cikin loko ka rasa yadda za ka yi.

Amma ni ba wannan ya kawo ni ba. Maigida, ina kake ajiye fetur?

Mai Jirgin Yauri: Jarka biyu masu lita 25. Dama ina tunanin in yi musu wuri a ƙarshen benci ɗaya, kusa da batirin sola, don su daina yawo.

Makanikin Gaya: Inna lillahi. Don Allah kada ka yi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake ya kwanta a mafi ƙasan wuri, wato cikin akwatinka da gindin jirgi. Batir kuma kan wayarsa ya ɗan yi sako-sako ya yi tartsatsi, shi ke nan. Fetur waje, can baya kusa da inji inda iska ke kaɗawa, a yi masa ɗan gurbi buɗaɗɗe da igiya, da inuwa a kansa. Tukunyar gas ma haka, in kana da ita. Batir shi kaɗai a akwatinsa, a ƙasa, a tsakiya, don mai amfiya 100 yana kusan kilo 30. A ɗaure shi da bel, a huda akwatin ta sama, saboda iskar da yake fitarwa in yana caji sama take yi kuma ita ma tana kamawa. A sa fis kusa da kan jan waya, a rufe kawunan da roba don kada sifana ta faɗa a kai. Injin da aka kawo min a ƙone sun fi wanda aka kawo min a nutse.

Mai Jirgin Yauri: Na tuba. Fetur ya koma baya.

Hajiya Mai Banda: Tunda maza sun gama da ƙarfe, bari in yi maganar kayan. Shekara goma sha ina bin jirgi sayen kifi. Sabulu da omo benci ɗaya, abinci ɗaya bencin, kada su haɗu ko da bokiti daban-daban ne. Sukarin da ya kwana da sabulu a rufe, mai shayi zai dawo maka da shi. Na biyu, akwatin da ba ya numfashi funfuna yake yi, taliya ta yi wari, ashana ta ƙi kamawa. A huda gaban bencin ramuka a jere, sama da ƙasa, amma a bi bayansu da ragar ƙarfe, don ɓera na hawa jirgi ta igiyar da aka ɗaure shi, kyankyaso kuma a kwali yake zuwa. Kwalin kanti kada ya kwana a jirgi, juye kayan ka bar shi a tudu.

Kantar sama kuma a yi mata leɓe, tsayin yatsa uku, a ja roba ko raga a gabanta. Tsohuwar koma ma ta yi. Kuma Malam, kusurwa. Duk wata kusurwa a goge ta ta zama zagayayya. Ga tabo nan a ƙaurina shekara shida, bakin akwatin wani ne da igiyar ruwa ta jefa ni a kai.

Rigunan ruwa masu hana nutsewa kuma kada in ji an ce an yi musu akwati da kwaɗo. A rataye su a bakin ƙofa. Kai da ke bin hanyar Wara ba sai an tuna maka jirgin da ya nutse da mutane a watan Mayun 2021 ba.

Mai Jirgin Yauri: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hajiya na gode, maganar sabulu ta taɓa cin kuɗina.

Kafinta Bakatsine: An yi ta dukana tun safe, bari in faɗi inda na fi Banufe. Aljihu. Dole kana son ko guda ɗaya na kuɗi da littafin bashi da waya. Kada ka sa masa layin ƙarfe mai ƙwallaye irin na kicin, tsatsa zai yi, kuma shi ne ya zubar maka da kaya. Katako a kan katako, a goga kyandir. A ƙasan gefen aljihun, daga gaba, ka yi ɗan tsagi milimita 6, yadda in an tura shi zai faɗa ya zauna a kan firam. Ba ya buɗuwa sai an ɗan ɗaga an ja. Sai ka bar masa sarari a sama daidai wannan ɗagawar. Ba sakata, ba makulli, ba abin da zai lalace. A baya ka sa ɗan katako mai juyawa don kada ya fito gaba ɗaya.

Sannan lokaci. Yanzu hunturu ne, katako ya bushe ƙarau, ya tsuke. Abin da ka yi cif-cif yau, a watan Agusta ko da guduma ba zai buɗu ba. Allo mai faɗin ƙafa ɗaya yakan ƙara milimita uku ko fiye a faɗinsa in damina ta zauna, a tsawonsa kuwa kusan babu. Ka bar wa aljihu da murfi sararin kaurin tsinken ashana biyu kowane gefe. Zai yi maka kamar aikin koyo, yana ɗan ƙwaƙwas-ƙwaƙwas, ka ƙyale shi. Kuma farin gam na shago kada ya shiga aikin nan, ruwa na narkar da shi. Ifoksi, gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake haɗawa, ko gam ɗin da aka rubuta na ruwa ne.

In za ka yanka loko ka ɗaure hanci, ƙurarsa na sa tari da ƙaiƙayi, kuma wani lokaci akwai ɗan dutse a cikinsa da ke dakushe zarto.

Baba Banufe: Ashe Katsinawa na haihuwa. Wannan na tsagin ban san shi ba, zan gwada.

Kafinta Bakatsine: Jama'a ku shaida, a ajiye wannan saƙon.

Ɗan Baga: Ni dai har yanzu ina nan kan durom. Amma tunda za a yi, me za a shafa? Mu baƙin man inji muke shafa wa katako, gara ba ta kusanta.

Hajiya Mai Banda: A inda za a sa sukari da garin kwaki? Haba Malam.

Injiniya a Legas: Baƙin mai a'a, wari, ga guba, ga shi fenti ba ya kama bayansa. Banish kuma kyau ne kawai, rana na cinye shi. Fentin mai, fari, hannu uku, ciki da waje, kafin a haɗa, don inda buroshi ba zai kai ba bayan an haɗa nan ne ke fara ruɓa. Hannun farko a sirka shi ya shiga jiki. Mafi muhimmanci gefen filawud, inda aka yanka: nan yake shan ruwa kamar rake. A cika shi da ifoksi sau biyu. Farin fenti a cikin akwati yana sa ka ga abin da kake nema da dare, ka kuma ga ɗigon ruwa da wuri.

Mai Kula da Zaure: Masu turo tallan katako da lambar waya a ƙarƙashin wannan magana, na goge. A bari a gama.

Mai Jirgin Yauri: Jama'a, bayan sati biyar ga ni na dawo da rahoto. Guntun filawud uku na dafa daga shago uku. Biyu sun buɗe kamar littafi tun dahuwar farko, har da wanda ya fi tsada. Na ukun ya tsaya, shi na saya, falle biyu mai 9, ɗaya mai 12. Loko ban samu busasshe ba, da maɗaci na yi firam, siriri yadda Injiniya ya ce. Benci biyu, murfi uku-uku, bokiti huɗu a hagu, uku da akwatin batir a dama. Da na ɗora duka a sikelin masu masara kafin in kafa, bai kai nauyin tsohon kabad ɗin shi kaɗai ba.

Kuskure biyu na yi. Na farko, na yi ganganci na yanka allon dama da kwalin hagu, na ce ai bambancin ba zai yi yawa ba. Yatsa biyu ya bari a sama, ya ƙi shiga a ƙasa. Baba, na ci rabin falle. Na biyu, hinjin murfin na sa shi a can jikin bango, sai ga shi murfin ba ya tsayawa a buɗe saboda jikin jirgi ya karkato, sau biyu yana faɗo min a yatsa. Na cire hinjin gaba ɗaya, na buga 'yan katakai biyu a ƙarƙashin kowane murfi suna riƙe shi a gurbinsa, da rami na sa yatsa, da ɗan katako mai juyawa yana danne shi. Ya fi sauƙi, kuma babu abin tsatsa.

Ranar Talata iska ta same mu a buɗaɗɗen ruwa, ko ƙwayar magi ba ta faɗo ba. Aljihun Bakatsine yana ƙara kamar yadda ya ce, yarona har ya tambaya ko ban iya awo ba ne.

Kafinta Bakatsine: Ka ce masa ya sake tambaya a watan Agusta.

Zangon Yeji: Gindin fa? Ka gwada ɗagewa da kaya a ciki?

Mai Jirgin Yauri: Na gwada, na sa yaron ya ƙirga. Fitar da bokiti huɗu da ɗage filankai har hannuna ya taɓa jikin jirgi, ya kai arba'in da biyu. Wajen batir ne ya fi jinkiri saboda bel ɗin.

Makanikin Gaya: Bel ɗin kada ka taɓa shi. Matsar da akwatin ya bar jikin jirgi da tafin hannu, hannunka ya riƙa wucewa ta bayansa. Turo min hoton yadda ka ja wayar in gani.

Baba Banufe: Rabin fallen da ka ɓata kada ka yar. Ka yanka shi gida huɗu, ka huda kusurwoyinsa, ka ajiye a bencin hagu tare da gwangwanin kwalta da tsumma da ƙusa goma. Na faci ne.

Ɗan Baga: Bokitan nan bakwai dai shawarata ce, kada a manta.